Ranar da Na Kira Bitrus a Lasifika

Ko da wannan ƙwaƙwalwar tawa za ta gama yoyo, ta zubar da sunayen jikokina da lambar gidana, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je biki Kamazou ba. Na so in manta, Allah ya sani na gwada. Amma har yau in na tuna, ko ni kaɗai ne a ɗaki, sai na rufe fuska da hannu.

Bari in fara gaya maka irin mutumin da nake a lokacin, don ka san wanda ya aikata abin. Shekarata sittin da bakwai (a bakina kuwa hamsin da tara, kuma na kai shekara huɗu ina hamsin da taran nan). A Makera nake zaune, a gidan da na gina tun masaƙa tana masaƙa. Shekara ashirin da shida na yi a sashen rini ina rina atamfa, har ranar da aka rufe ƙofa aka ce mu je gida za a neme mu. Har yanzu dai ana nemanmu. Abu biyu na fito da su daga wurin: kunnen hagu da ƙarar inji ta cinye, da sanin yadda ake dama rini. Wannan sanin a kan gemuna ya ƙare. Duk ranar Alhamis sai in kulle ɗaki, in dama baƙin rini a murfin kwalba, in bi gemu da gashin baki da tsohon buroshin haƙori. Tabarau kuwa likita ya daɗe da rubuta mini, na saya, na jefa shi cikin durowa. A ganina tabarau na tsofaffi ne.

Da ba haka nake ba. Abin ya soma ne bayan rasuwar matata Hajiya Rabi. Ita ce ƙarama, na ba ta shekara goma cur, kuma ni ne mai hawan jini, ni ne mai ciwon gwiwa, amma ita aka ɗauka. Tun ranar da na dawo daga maƙabarta na ga takalmanta a bakin ƙofa, sai tsoro ya shige ni, irin wanda namiji ba ya iya faɗa wa kowa. Na tsani labarin mutuwa. In liman ya ce akwai jana'iza bayan salla, ina sallamewa zan ɗauki takalmina in fice ta ƙofar gefe kamar wanda fitsari ya matsa. Muna da guruf a waya na tsofaffin ma'aikatan masaƙa, wanda aka buɗe don a riƙa jin labarin haƙƙinmu, amma ya koma allon sanarwar mutuwa. Yau Danladi na sashen saƙa, jibi Malam Audu mai gadi, wani mako Istifanus direba. Wata safiya na danna na fita daga guruf ɗin, na ji kamar na yi wa mutuwa wayo. A gida ma na kafa doka. Na ce wa 'yata Zainab, wadda ke aure a bayan layinmu take kawo mini abinci kullum, “Kada wanda ya ƙara kawo mini labarin rasuwa gidan nan. Wanda ya mutu Allah ya ji ƙansa, ba sai na ji ba.”

To, sai maganar Bitrus.

Bitrus mutumin wajen Zonkwa ne, kuma rana ɗaya aka ɗauke mu aiki. Inji ɗaya muka tsaya a kai, kwano ɗaya muka ci. Shi yake kirana Mai Rini, ni in kira shi Kurma, don kunnensa ya riga nawa mutuwa. Shinkafarsu ta Kirsimeti ba ta wuce ni, naman layyata ba ya wuce shi. Wasan da ke tsakaninmu kuwa mai nauyi ne, irin wanda baƙo zai ji ya zaci faɗa muke. Da garin nan ya yi ta rikicewa, kowa ya ja jiki ya koma inda nasa suka fi yawa, sai ya sayar da gidansa na Kakuri ya koma Kamazou. Zumunci ya koma na Salla da Kirsimeti. Amma da Rabi ta rasu, Bitrus kwana uku ya yi yana zuwa, ya zauna a kan tabarma a ƙofar gidana tun safe har la'asar, cikin malamai da 'yan unguwa. In an shafa addu'a shi ma ya sunkuyar da kai.

Bayan nan ya riƙa kirana a waya. Matsalar ita ce shi bai fita daga guruf ba, kuma duk kiran da zai yi sai ya ce, “Mai Rini, ka ji labarin wane?” Sai na fara barin wayar tana ƙara har ta gaji. In ce gobe zan kira shi. (Kada ka tambaye ni goben nawa aka yi. Ta fi shekara.)

Wata rana cikin zafin bazara Zainab ta shigo da kwanon abinci da wani kati a sama.

“Baba, daga gidan Baba Bitrus aka kawo. Auren Rahila ne.”

Rahila ita ce autarsa, wadda na sani tun tana goye. Na ji wani daɗi ya kama ni. Ga dama ta samu: in je biki, wurin da ba a maganar mutuwa, in ga abokina, mu yi dariya, a wuce wurin ba sai na ba da haƙuri ba.

“Za ka je?” in ji Zainab, tana kallona wani iri.

“Me zai hana?”

“A'a, na ga dai... dama...” Sai ta gyara mayafi. “Shi ke nan, Baba. Allah ya kai mu.”

Katin da Turanci aka buga shi, da irin rubutun nan mai ruwan zinare mai lanƙwashe-lanƙwashe. Na miƙa hannu iya tsawonsa, na ƙanƙance ido. Na tsinci Bitrus, na tsinci Rahila, na tsinci Kamazou da Asabar. Akwai wasu ƙananan kalmomi a gaban sunan Bitrus da suka ƙi fitowa. Na ce ai yabo ne irin na katin biki, na ajiye. Tabarau yana cikin durowa, taku uku daga inda nake zaune.

Ranar Juma'a na ƙara wa gemu rini a kan na Alhamis, don in ba Bitrus haushi. Na san shi kansa ya yi fari fat kamar auduga, kuma na riga na shirya abin da zan ce masa. Asabar na saka farar shaddata mai aiki, na kafa hula, na fesa turare. Na hau bas zuwa Sabo, daga nan na shiga keke zuwa Kamazou. Cunkoso ya riƙe mu, rana kuwa kamar a kan mutum ɗaya aka kunna ta. Kafin in isa an gama da coci, an koma filin wata makaranta inda aka kafa rumfuna.

Wuri ya cika maƙil. Matan zumuntar coci cikin anko suna waƙa suna kaɗa tulu, manyan lasifikoki suna dukan ƙirjin mutum. Ina tsaye ina raba ido sai wani ƙaton mutum ya rungume ni. Ishaku ne, babban ɗan Bitrus, wanda yanzu shi ma ya fara furfura.

“Baba! Ka zo!” Idonsa ya kawo ruwa. “Wallahi Mama za ta ji daɗi. Mun yi zaton fushi kake da mu.”

“Fushin me? Ni da gidana?”

Na ga hawayen, na ce a raina yaron nan akwai son ƙanwa. Kafin in tambaye shi ina tsohon yake, wani ya ja shi maganar abinci. Ya zaunar da ni a layi na biyu ya wuce. Daga nan ina hango babban tebur dishi-dishi: ga amarya cikin farare, ga ango, ga wata mace da na gane Maman Rahila ce saboda zamanta. Kujerar da ke gefenta babu kowa, sai wani abu mai kusurwa huɗu da aka jingina a kai, da furanni. Na ɗauka kyautar amarya ce. Na ce lallai Kurma yana bayan rumfa wurin masu suya, halinsa ne.

Ban daɗe da zama ba na ga Ishaku ya sunkuya yana yi wa mahaifiyarsa magana, ita kuma ta aika aka gaya wa mai gabatarwa. Mai gabatarwar ya yi wani dogon bayani, rabi Turanci rabi Hausa, cikin murya ƙasa-ƙasa. Lasifikar tana ta hagu da ni. Abin da na tsinta kawai shi ne “babban aminin Baba tun na masaƙa” da “zai ce wani abu”. Na lura wurin ya yi tsit, na lura wasu mata sun sunkuyar da kai. Ni kuwa na ɗauka girmamawa ce. (Ka ga irin girman kan da nake fama da shi.)

Na tashi, na baza riga, na taka kamar gwiwata ba ta taɓa ciwo ba. Na karɓi makirufo.

Na fara da kyau, wannan kam a ba ni. Na gai da Fasto, na gai da iyayen ango, na sa wa amarya albarka, na ce na san ta tun tana tsotsar yatsa. Aka ɗan yi dariya. Dariyar nan ita ta kai ni ta baro.

“To amma jama'a,” na ce, “ina da ƙara. Na taso tun daga Makera cikin ranar nan, na zo bikin 'yata, uban amarya ko ya fito ya tarbe ni. Ina Bitrus?”

Ba wanda ya yi dariya. Na ce ba su gane wasan ba ne, bari in ƙara gishiri.

“Kurma! Na san kana bayan rumfa kana satar nama. Fito mutane su ga yadda ka tsufa ka bar ni!”

Shiru. Wata mata a gaba ta dafe ƙirji. Mai kiɗa ya kashe ɗan sautin da ke tashi a ƙasa. Wani mai hankali da a nan zai tsaya. Ni sai na ji tsoron kada a ce wasana ya faɗi, na ɗaga murya iya ƙarfina, lasifika huɗu suka kai ta har bakin titi:

“Bitrus! Ko ka mutu ne ba a gaya mini ba?”

Amarya ce ta fara. Wani irin kuka ta saki, ta kifa kai a kan tebur, ango ya rasa inda zai sa hannunsa. Sai na ga Ishaku ya taso da sauri, ya kama kafaɗata, ya raɗa mini magana a kunne. A kunnen hagu.

“Me ka ce?” na tambaya, makirufo yana bakina.

Ya sake raɗawa.

“Ɗaga murya, yaro, ba na ji ta nan.”

Bawan Allah ba shi da yadda zai yi. Ya zagayo ta dama, ya faɗa da ƙarfi, makirufo ya ɗauka ya raba wa kowa: “Baba, babanmu ya rasu. Tun kafin Kirsimeti. Wata huɗu ke nan.”

Na juya na dubi kujerar nan. Yanzu da nake kusa, abin mai kusurwa huɗu ya fito sarai. Hoton Bitrus ne cikin gilashi, da farin kansa, yana murmushin nan nasa na gefen baki, kamar ya ji duk abin da na ce.

Ban san wanda ya karɓi makirufo daga hannuna ba. Na san dai na ce “Inna lillahi”, na kuma ce “ku yi haƙuri” ya fi sau goma, ga wa ma ban sani ba. Gumi ya karyo mini ta ko'ina. Na sa hannu na share fuska, na ga tafina ya yi baƙi. Rinin kwana biyu ya narke, yana bin wuyana yana ɗiga a kan farar shadda. Haka na tsaya gaban mutum ɗari uku ko fiye, tsoho mai gemu yana zuba, wanda ya zo bikin marainiya ya tambayi ko ubanta ya mutu.

Na nufi hanyar fita. Na so in yi sauri, gwiwa ta ce ba da ita ba. Sai da na bi ta tsakiyar rumfuna ina ɗingishi, mutane suna janye ƙafafu suna kau da kai. Wannan kau da kan ya fi zagi ciwo. Na kusa bakin ƙofa ke nan na ji an ce, “Baban Zainab.”

Maman Rahila ce. Ta baro babban tebur ta biyo ni, da ɗaurin ɗankwalinta na uwar amarya. Ta rame ƙwarai. Na so ƙasa ta tsage.

“Maman Rahila, wallahi ban sani ba. Wallahi tallahi...”

“Na san ba ka sani ba. Zo nan.”

Ta ja ni bayan rumfa, wurin da ake rabon abinci, ta sa aka ba ni kujera. Ta ciro hankici daga jakarta ta miƙo mini. “Goge wuyanka, abin yana zuba.” Na goge. Hankicin ya tashi daga aiki.

“Sati uku ya yi a asibiti,” in ji ta. “Ya sa Ishaku ya kira ka ya fi a ƙirga. Da abin ya yi tsanani na ce a tura mota Makera a ɗauko ka. Sai ya ce a'a.”

“Ya yi fushi da ni.”

“Bai yi ba. Cewa ya yi, ku ƙyale Mai Rini, tun da Rabi ta tafi tsoro yake ji. In kun kawo shi ya gan ni haka, ba zai ƙara barci ba.” Ta ɗan yi murmushi, hawaye na bin kuncinta. “Ya ce, matsoraci ne, ba zai zo jana'izata ba. Amma ku kai masa katin auren Rahila. Ranar da aka dafa shinkafa zai zo.”

Ta juya ta karɓi faranti daga hannun wata mata, shinkafa dafa-duka da nama biyu, ta ɗora mini a cinya.

“Naman, Musulmi ne ya yanka, kamar kullum. Ci.”

Na ce ba zan iya ba.

“Ci, Baban Zainab. Ka ba ni kunya gaban surukaina, kada kuma ka mayar da mijina maƙaryaci.”

Na ci. Ina ci ina kuka, majina da hawaye da sauran rini, masu rabon abinci suna yi kamar ba su gan ni ba. Tun ranar da aka binne Rabi ban yi kuka ba sai ranar, a kan shinkafar bikin mutane. Ita kuwa ta tsaya a kaina har na ci rabi, sannan ta koma wurin 'yarta, wadda na ɓata wa ranar da ba za a maimaita ba.

Da na dawo gida la'asar sakaliya, Zainab tana tsakar gida tana jirana. Ta dubi rigata, ta dubi fuskata.

“Kin sani?” na ce.

“Na sani, Baba. Ni har gaisuwa na je.”

“Kika bar ni na tafi haka?”

“Baba, kai ka ce kada a ƙara kawo maka. Sau biyu ina farawa kana tashi ka bar mini ɗakin. Da ka ce za ka je, na ɗauka ka karanta katin. A rubuce yake, iyalan marigayi.”

Sai a lokacin na tuna wata rana a kasuwar Kakuri, wani tsohon abokin aikinmu ya tare ni ya ce, “Mai Rini, ashe Bitrus...” na katse shi na ce sauri nake, na shige cikin masu tumatir. Ashe an yi ta kawo mini labarin, ni ne nake ta gudu da ƙafar da ba ta gudu.

Bayan mako guda na roƙi Ishaku ya kai ni kabarin. Tudun jar ƙasa ne, da gicciyen katako, ciyawa ba ta ma fito ba don ruwa bai sauka ba. Na tsaya. Shekara arba'in muna zagin juna da mutumin nan, ranar na rasa kalma ɗaya. A hanyar dawowa na sa Ishaku ya lissafo mini 'yan sashenmu da ya san labarinsu daga bakin babansa. Mu goma sha huɗu ne a sashen rini. Ya yi ta kiran suna yana cewa ya tafi, ya tafi, wannan ma ya tafi. Saura mu uku, ɗaya kuma ba ya gane kowa. Duk wannan an yi shi ina kulle a ɗaki. Ba wanda ya fasa mutuwa don ban ji ba. Abin da kawai ya faru shi ne sun tafi ban yi musu sallama ba, kuma layin ya matso kusa da ni kamar yadda zai matso ko da na je.

Ba zan yi maka ƙarya in ce yanzu na daina tsoro ba. Ina ji, wani lokaci har ya fi na da. Ba zan kuma ce Rahila ta manta ba. Tana gaishe ni da ladabi in mun haɗu, amma an ce an yanke wurin daga bidiyon bikin, kuma duk Kamazou in aka ce “tsohon nan na lasifika” an san ko wane ne. Na yi zaton in na mutu za a tuna ni da aikin shekara ashirin da shida. Yanzu na san da abin da za a tuna ni.

Darasin da na samu ba mai yawa ba ne, ga shi in zai yi maka amfani. In shekarunka sun kai nawa, aka miƙa maka makirufo a taro, kafin ka kira sunan tsohon aboki ka ja wani gefe ka tambaye shi a hankali ko mutumin yana nan. Ka kuma shirya jin amsar, don yawanci ba ya nan.